Zare: Tarihin boren harajin gida a Amurka, da yadda na koyi yin ƙorafi a kan nawa

1/ Duk ranar da na sa hoton ƙofar gidana sai wani ya ce "kai dai ka huta, ka mallaki gida a Amurka." Toh yau zan ba ku labarin takardar da ke hana masu gida barci a nan Teksas duk watan Afrilu, da tarihin da ke bayanta. Zaren da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ A nan ko ka gama biyan bashin gidanka kaf, duk shekara sai ka biya haraji a kansa. In ka ƙi biya, ana iya kai ka kotu a yi gwanjon gidan. Teksas ba ta cirar harajin jiha daga albashi, shi ya sa nauyin makarantu, 'yan sanda, 'yan kwana-kwana da titunan cikin gari ya fi sauka a kan gidaje da filaye.

3/ Lissafin hawa biyu ne. Akwai ofishin da ke ƙiyasta darajar gidanka kamar yadda yake ranar 1 ga Janairu. Sannan hukumar makarantu, birni da gunduma kowa ya yanka nasa kason. A unguwanni da yawa jimilla takan kai kashi 2 cikin 100 ko ta haura. Gidan dala 300,000 ka ga ana maganar wajen dala 6,000 a shekara kafin rangwame.

4/ Ni shekarar farko da takardar ta zo, na duba na ga sun ce gidana ya ƙara daraja sosai. Wallahi har murna na yi, na nuna wa madam. Bayan wasu watanni banki ya turo wasiƙa cewa kuɗin da nake biya duk wata ya ƙaru, don ta hannunsu harajin ke fita. A nan murna ta koma ciki.

5/ Bayan sallar Juma'a na yi wa wani dattijonmu ƙorafi, mutumin da ya fi shekara ashirin a garin. Ya ce, "Ɗana, ka cike takardar homestead kuwa?" Na ce, "Alhaji, mene ne haka?" Ya ce, "Ka yi ƙorafi a kan ƙiyasin?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ana yi wa hukuma ƙorafi ne?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar na fara karatu a kan abin.

6/ Mu fara da kalmar. Homestead na nufin gidan da mutum ke zaune a ciki da iyalinsa, ba wanda ya ba da haya ba. Asalinta a dokar Teksas ya koma 1839, lokacin Teksas ƙasa ce mai cin gashin kanta, ba ta shiga Amurka ba tukuna. Sai a 1845 ta shiga.

7/ A 1837 tattalin arzikin Amurka ya rushe, bankuna suka durƙushe. Mutanen da bashi ya yi wa katutu suka riƙa tserewa zuwa Teksas. Har akan rubuta haruffa uku, G.T.T., a ƙofar wanda ya gudu, ma'ana ya tafi Teksas. Ita kuwa sabuwar ƙasar mutane take nema ido rufe.

8/ Sai a Janairun 1839, zamanin shugaba Mirabeau Lamar, aka yi doka: mai bin ka bashi ba zai taɓa eka 50 na gonarka ko filinka na cikin gari ba, haka kayan ɗaki, kayan sana'a, shanun tatsa biyar, doki ɗaya ko shanun huɗa biyu, da abincin shekara guda. A 1845 aka shigar da wannan kariya cikin kundin tsarin mulkin jihar, sauran jihohi da dama suka kwaikwaya.

9/ Amma ku lura da wani abu. Kariyar nan daga masu bin bashi ce. Bashin haraji ba ya ciki. Mai kanti ba zai ƙwace gidanka ba, amma hukuma na iya yi. Wannan ramin shi ne ya haifi duk rigimar da za ta zo daga baya.

10/ Yanzu mu tsallaka Kalifoniya, inda boren ya tashi. A can masu ƙiyasi zaɓensu ake yi. Kun san halin ɗan siyasa: sai su riƙa sassauta wa masu gidajen zama don su ne masu ƙuri'a. Wasunsu kuma suna karɓar na goro daga 'yan kasuwa su rage musu. A 1966 kotu ta samu Russell Wolden, babban mai ƙiyasi na San Francisco, da laifin cin hanci.

11/ Majalisar jihar ta fusata ta yi doka a shekarar: daga yanzu kowace kadara a ƙiyasta ta da ma'auni ɗaya, kashi 25 cikin 100 na farashin kasuwa, ba sani ba sabo. Doka ce mai kyau a takarda. Sai dai garin gyaran gira aka rasa ido, don sassaucin da masu gidajen zama ke samu a ɓoye shi ma ya tafi. Harajinsu ya yi tsalle.

12/ Sai shekarun 1970 suka zo da hauhawar farashi. Kuɗin gidaje a kudancin Kalifoniya ya riƙa tashi kamar farashin rago ana gobe Sallah. Tsohuwa mai cin fansho, ta sayi gida tun tana amarya, ba ta sayar ba, ba ta ƙara ko bulo ɗaya ba, amma harajinta na ninkawa. A daidai lokacin kuma gwamnatin Jerry Brown na zaune a kan rarar biliyoyin daloli.

13/ A nan Howard Jarvis ya shigo. Dattijo ne ɗan shekara 74, tsohon ɗan kasuwa mai kaifin baki, ya daɗe yana yaƙi da haraji ana masa kallon mai surutu. Shi da Paul Gann suka tara sa hannun mutum sama da miliyan ɗaya, suka tilasta a kai kudurinsu ƙuri'ar raba gardama. Sunansa Proposition 13.

14/ Ranar 6 ga Yunin 1978 aka kaɗa ƙuri'a. Kusan kashi 65 cikin 100 suka ce eh. Abin da ya ƙunsa:
• haraji kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na ƙiyasi
• a mayar da ƙiyasi yadda yake a 1975
• kada ƙiyasi ya ƙaru da fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara
• sai an sayar da gida ko an yi sabon gini a sake ƙiyasi

15/ Harajin kadarori a jihar ya faɗi da fiye da rabi a tashi ɗaya. Tsofaffi da yawa sun tsira da gidajensu, wannan gaskiya ne, kada a rage wa abin alherinsa. Amma an soke karatun bazara a makarantu da dama, an rage lokutan ɗakunan karatu, sai da jiha ta ɗebi rarar nan ta ceto ƙananan hukumomi. Daga nan ragamar kuɗin makarantu ta koma hannun jiha.

16/ Wani abu da ba a cika faɗa ba: Jarvis yana aiki da ƙungiyar masu gidajen haya ta Los Angeles. Kudurin bai bambanta gidan tsohuwa da otal, kanti ko filin babban kamfani ba. Kowa ya samu linzami iri ɗaya. A 2020 an gwada cire manyan gine-ginen kasuwanci daga ciki ta kudurin Proposition 15, ya faɗi da ƙaramin rinjaye.

17/ Ga inda abin ya fi ɗaure min kai. Tunda sai an sayar ake sake ƙiyasi, gidaje biyu masu jingine da juna, gini iri ɗaya, suna iya biyan haraji mai bambancin sama da ƙasa. Wanda ya daɗe yana biyan na tsohon farashi, sabon zuwa yana biyan na yau.

18/ Wata lauya, Stephanie Nordlinger, ta sayi gidanta na farko a Los Angeles a 1988 kan dala 170,000. Harajinta ya kama wajen dala 1,700. Da ta bincika sai ta ga maƙwabtan da suka mallaki irin gidanta tun 1975 suna biyan kusan kashi ɗaya cikin biyar na hakan. Ta kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka.

19/ A 1992 kotu ta yanke, alƙalai 8 da 1, cewa dokar ba ta saɓa wa kundin tsarin mulki ba. Hujjarsu: jiha na da dalilin kare zaman unguwa da kuma wanda ya riga ya shirya rayuwarsa a kan tsohon haraji. Mai shari'a John Paul Stevens kaɗai ya ƙi, yana ganin an ƙirƙiro masu gata a kan sabbin zuwa.

20/ Ko Warren Buffett, attajirin nan, sai da ya yi magana a 2003. Ya ce gidansa na bakin teku a Kalifoniya mai darajar dala miliyan 4 harajinsa bai kai dala 2,300 ba, alhali gidansa na Omaha mai darajar rabin miliyan yana biyan sama da dala 14,000. Mai cin moriyar abin ne da kansa ke cewa akwai gyara.

21/ Wutar ta bazu. Massachusetts ta yi nata a 1980. Filorida a 1992 ta sa wa gidajen zama linzamin kashi 3 cikin 100 ko gwargwadon hauhawar farashi, wanda ya fi ƙanƙanta. Michigan ta yi irinsa a 1994. Kowace jiha da nata salo, damuwar dai ɗaya ce: kada tashin farashi ya kori mutum daga gidan da ya riga ya biya.

22/ Don ku gane zamanin: a 1979 ne Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Wancan harajin kai ne da na shanu, wannan na gida ne, ba abu ɗaya ba ne. Amma a shekarar ce ita ma Teksas ta yi nata babban gyaran.

23/ Kafin 1979 a Teksas, birni na da mai ƙiyasinsa, hukumar makarantu na da nata, gunduma na da nata. Gida ɗaya sai ya tashi da farashi uku. Wani ɗan majalisa, Wayne Peveto, ya yi shekaru yana tura gyara har ya samu. Dokar ta kafa ofishin ƙiyasi guda ga kowace gunduma, da kwamitin 'yan gari mai sauraron ƙorafi. Zuwa 1982 tsarin ya kankama.

24/ Wato ƙofar ƙorafin da Alhaji ya nuna min ba alfarma ba ce wani ya yi min. Haƙƙi ne da ke rubuce a doka sama da shekara arba'in.

25/ Linzamin kuma ya zo a 1997, ta gyaran kundin tsarin mulkin jihar, ya fara aiki a 1998. In gidan zamanka ne kuma ka yi rajistarsa, darajar da za a yanka maka haraji a kanta ba za ta ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100 a shekara ba, sai dai in ka yi ƙarin gini, a lissafa wannan daban.

26/ Akwai kuma rangwame, wato wani ɓangare na darajar gidan da hukumar makarantu ba za ta taɓa ba. Ku ga yadda ya riƙa hawa: dala 15,000 a 1997, 25,000 a 2015, 40,000 a 2022, 100,000 a 2023, sai 140,000 a 2025. Duk lokacin da farashin gidaje ya yi tsalle, 'yan siyasa sai su ƙara. Mai shekara 65 kuma ana daskare masa harajin makaranta.

27/ Yanzu ga inda mutane ke ruɗewa. Takardar na ɗauke da lambobi biyu: farashin kasuwa, da darajar da aka sa wa linzami. Misali bara duka biyun 300,000 ne. Bana suka ce kasuwa ta kai 380,000. Linzami ya tsayar da kai a 330,000. Madalla.

28/ Baɗi ko farashin kasuwa bai motsa ba, naka zai hau zuwa 363,000. Shekara mai bi masa ya kamo 380,000. Ka ga kasuwa na tsaye cak amma harajinka na hawa shekara uku a jere. Linzamin jinkirta ƙarin yake yi, ba ya soke shi. Mutane da yawa sun ɗauka zalunci ake musu, alhali haka lissafin yake.

29/ Shi ya sa ko kana ƙarƙashin linzami ƙorafi na da amfani. A ce ka yi jayayya an sauko da kasuwa daga 380,000 zuwa 350,000. Bana ko sisi ba za ka gani ba, don har yanzu 330,000 ake yi maka lissafi. Amma in suka tsaya a nan baɗi, a 350,000 za ka tsaya maimakon 363,000.

30/ Tarko na biyu shi ne wanda na faɗa ciki. Linzami ba ya bin gida, mai gida yake bi. Ranar da aka sayar, na tsohon mai gida ya mutu. Kai sabon shiga sai ka yi rajista, kuma naka ba zai fara aiki ba sai shekarar da ta biyo bayan wadda ka fara cancanta. Ni harajin wanda ya sayar min na duba na yi kasafina a kai. Kuskure babba.

31/ Maƙwabciyata wata dattijuwa ce, tun shekarun 1990 take gidanta. Gininmu ɗaya, kamfani ɗaya ya yi. Da na leƙa bayanan da ofishin ke wallafawa sai na ga abin da take biya bai kama ƙafar nawa ba. Na ɗan ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma da na tuna da fanshonta take rayuwa, sai na rasa wa zan ba gaskiya. Har yau ban gama yanke hukunci ba.

32/ Abin da na tabbatar shi ne kuɗin da aka sauke wa wani, wani ne ke ɗauka, tunda kasafin makaranta ba ya raguwa don an yi rangwame. Yakan koma kan sabon mai gida, matashi mai farawa, da ɗan haya, don gidan haya ba ya cin wannan rangwame kuma mai gida a cikin kuɗin haya yake fanshewa.

33/ Kuma ƙiyasin kansa ba wahayi ba ne. Da kwamfuta ake yi wa dubban gidaje a tare, ba wanda ya shigo falonka. A Teksas ma doka ba ta tilasta bayyana farashin da aka sayar da gida ba, don haka ofishin na aiki ne da abin da ya samu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

34/ In kuskuren ya yi yawa, gidaje ake rasawa. A Detroit farashin gidaje ya rushe bayan 2008, amma ba a sauko da ƙiyasi yadda ya kamata ba, ga shi kundin Michigan ya hana ƙiyasi ya wuce rabin farashin kasuwa. Binciken jaridar Detroit News a 2020 ya gano an caji masu gida ƙarin aƙalla dala miliyan 600 tsakanin 2010 da 2016. Dubun dubatar gidaje aka yi gwanjonsu kan bashin haraji, galibi na baƙaƙen fata.

35/ A Chicago ma binciken Chicago Tribune na 2017 ya nuna ana hauhawa wa gidajen talakawa ƙiyasi, ana sassauta wa na masu kuɗi, kuma masu kuɗin ne suka fi ɗaukaka ƙara da lauyoyi. A zaɓen 2018 babban mai ƙiyasin ya rasa kujerarsa. Darasin da na ɗauka: in wasu na ƙorafi kai kana shiru, kai ke biya musu.

36/ Wannan ya shafe mu kai tsaye. Houston na cikin garuruwan da 'yan Najeriya suka fi yawa a Amurka, ga Dallas ma. Mu kuwa mun taso da tunanin takardar hukuma ba a ja da ita, ko kuma sai kana da wani a ciki. Nan ba wani a ciki, fom ne da hujja.

37/ Ga yadda na yi nawa. Na shigar da ƙorafi ta intanet kafin wa'adi, wanda shi ne 15 ga Mayu ko kwana 30 bayan an aiko takardar, duk wanda ya fi nisa. Na zaɓi dalilai biyu: an sa farashin sama da kasuwa, kuma ba a yi min daidai da maƙwabta ba. Na kuma nemi su ba ni hujjojin da za su yi amfani da su, doka ta ba ni wannan dama kafin ranar zama.

38/ Da na duba gidajen da suka kwatanta da nawa sai na ga biyu an sabunta musu kicin da rufi, ɗaya har da wurin ninƙaya. Na ɗauki hoton tsagewar bangona, don ƙasar nan yumɓu ce mai motsi, da rufin da ƙanƙara ta lalata. Na karɓo takardar kuɗin gyara daga ɗan kwangila, na jera gidaje biyar masu girman nawa a layinmu.

39/ Zaman farko da ma'aikacin ofishin ne, na sasanci. Ya yi tayin ragi kaɗan, na ce na gode, zan je gaban kwamiti. Mutum uku ne, 'yan gari kamar ni. Gabana na faɗuwa kamar ranar duba sakamakon jarrabawa. Ban yi kukan rashin kuɗi ba, don wannan ba hurumin su ba ne, darajar gida kawai suke dubawa. Minti goma sha biyar aka gama. Ban samu duk abin da na nema ba, amma an rage fiye da tayin farko.

40/ A taƙaice, in kana da gida a Teksas:
• rajistar homestead kyauta ce, kada wani ya karɓi kuɗinka da wasiƙa mai kama da ta hukuma
• adireshin lasisin tuƙinka ya dace da na gidan
• in ka makara, ana iya nema a baya har shekara biyu
• in kwamiti bai gamsar da kai ba, akwai sasanci ta mai shiga tsakani ko kotu
• ka biya harajin kafin ƙarshen Janairu ko da kana jayayya

41/ Sannan kada mu tsaya a ƙiyasi kawai. Kason da ake yanka, hukumar makarantu da majalisar birni ke sa shi a zaman da kowa ke iya halarta, kuma kujerun ɗakin yawanci babu kowa. Masu katin zaɓe a cikinmu, can ne rabin maganar take.

42/ Da na koma wa Alhaji da labari, cewa ya yi, "Toh ɗana, yanzu saura ka koya wa na bayanka." Ga shi na sauke. In kana da ɗan'uwa da ya sayi gida a Teksas kwanan nan, ka tura masa zaren nan kafin Mayu. In kana wata jihar, ka duba dokar wurinku, don ranaku da kason sun bambanta. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan amsa bayan na tashi daga aiki in sha Allah.